Lesin ɗin Dogon Hutu: Hannun Wa Muka Damƙa 'Ya'yanmu?

Bayan godiya ga Allah da salati ga fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, muna so mu yi magana a kan lesin ɗin dogon hutu da aka saba shirya wa 'yan sakandare a unguwar nan, musamman waɗanda za su shiga aji shida su fuskanci WAEC da NECO da JAMB. An kammala na bana, yara sun koma makaranta, ƙura ta lafa. Yanzu ne lokacin yin hisabi, tun kafin a sake kafa kwamiti a maimaita abin da aka yi.

Da fari dai, yabon gwani ya zama dole. Waɗanda suka fara tunanin tara yaran nan a wuri ɗaya daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, maimakon a bar su suna gararamba tsakanin gidan kallon ƙwallo da bakin Binuwai, sun yi tunani mai kyau. Waɗanda suka ba da aron ajujuwa, da 'yan kasuwar da suka sayi alli da littattafai, da samarin da suka yi ta zirga-zirga cikin ruwan sama, Allah ya saka musu da alheri. Ba mu da ja a kan niyya. Abin da muke ja a kai guda ɗaya ne, kuma shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya: yadda ake ɗaukar malaman da za su tsaya gaban allo.

Me ya sa abin ya dame mu

Bari mu fara da girman kogin da muke so yaran su haye. Jarrabawar JAMB, wadda hukumarta ta kafu tun 1978, yau da kwamfuta ake yin ta, tun 2015 aka daina ta takarda. Darussa huɗu ne, tambayoyi 180, awa biyu. Turanci tambaya 60, sauran ukun 40-40, jimillar maki 400. In ka raba minti 120 ga tambaya 180, kowace tambaya daƙiƙa 40 ke gare ta. A 2024, cikin kowane mutum huɗu da suka zauna, kusan uku ba su kai maki 200 ba. A sakamakon farko na 2025, fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi cikin kusan miliyan biyu sun gaza kai wa 200 ɗin. Wannan a faɗin Najeriya ke nan, har da 'ya'yan masu hali da ke makarantun kuɗi. Bayan JAMB ɗin kuma sai yaro ya kawo kiredit biyar, har da Turanci.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. A jami'o'in tarayya, ƙa'idar rabon gurabe ita ce kashi 45 cikin ɗari na cancanta, kashi 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya wajen ilimin boko. Da yawanmu a nan Jimeta aka haife mu, a nan aka haifi iyayen wasunmu, amma in an zo maganar takardar shaidar asali kowa ya san irin kai-kawon da ake yi. Ƙofa ɗaya ce ba a tambayar yaro daga ina kakansa ya zo: ƙofar maki. Duk wanda ya raunana karatun yaron unguwar nan, ya rufe masa ƙofar da ta fi kowace buɗuwa gare shi.

Sannan lokacin lesin ɗin ƙanƙane ne. A ce mako shida, kwana biyar a mako, awa huɗu a rana. Awa 120 ke nan. In aka raba wa darussa shida, kowane darasi awa 20 ya samu. To, malamin da ya yi fashin kwana biyu a mako, ko ya zo bai shirya ba, ina ragowar?

Yadda ake ɗauka yanzu

Mu faɗi gaskiya, ba ɗaukar malamai ake yi ba, tattara waɗanda suka samu ake yi. Ana saura kwana kaɗan a fara, sai a tsaya bayan sallar isha'i a ce wa ke da ɗa ko ƙane da ke zaune ba aiki? Wannan ya kawo ɗan yayarsa, wancan ya kawo surukinsa, ɗaya ya ce akwai wani kofa da ke haya a gidansa. Shi ke nan an gama. Ba wanda aka tambaya takardarsa, ba wanda aka ce tashi ka koyar da mu na minti goma mu gani.

Jama'a, mu 'yan kasuwa ne. Wanene a cikinmu zai damƙa wa yaro makullin shago a babbar kasuwar Jimeta ranar da ya fara ganinsa? Sai ya yi wata da watanni yana shara yana ɗauko kaya, a gwada shi da ƙaramin ciniki, a ga ko ya iya canji, a ga ko hannunsa na da tsabta. Buhun shinkafa ma sai mun soka mun duba kafin mu biya. Amma ƙwaƙwalwar ɗanmu, wadda ba a sayo wata in ta lalace, ita muke miƙa wa kowa ba bincike.

Mu duba irin mutanen da ake samu ta wannan hanya.

Na farko, masu yi wa ƙasa hidima. Tun da aka kafa shirin a 1973 suke cike giɓi a makarantunmu, kuma a cikinsu akwai haziƙai na gaske. Amma kakin da suka sa a sansanin Damare na mako uku ba shi ke mai da mutum malami ba. Wanda ya karanta aikin jarida, sai a ba shi Kimistiri don kawai yana da digiri. Da yawansu ba sa jin Hausa balle Fulatanci, yaro ya kasa gane bayani, ba mai juya masa da harshen da zai fahimta. Ga ranar aikin gayyarsu ta mako-mako, ga zuwa sa hannu na wata-wata, wani ma wa'adinsa ya ƙare ana tsakiyar lesin ya hau mota ya yi gida. Ba laifinsu ba ne. Laifin wanda bai tambaya ba ne.

Na biyu, samarin da suka gama sakandare bara ko bara waccan, suna jiran gurbi. Wasu a cikinsu JAMB ɗin nan sau biyu tana kayar da su. Muna ƙaunarsu, 'ya'yanmu ne, amma wanda bai haye ba ta yaya zai zama ɗan kwale-kwale? Abin da ya iya shi ne ya kwafe littafi a allo, yara su kwafe a takarda, a tashi. In yaro ya yi tambaya sai a daka masa tsawa, don malamin ma bai san amsar ba.

Na uku, malaman makarantun gwamnati da ke neman ɗan ƙari lokacin hutu. Waɗannan su ne suka san manhaja, wasu ma suna zuwa makin takardun WAEC, sun san inda ake samun maki da inda ake zubar da shi. Su ya kamata a fara nema. To amma da yake ba a biyansu abin kirki, sai mutum ya karɓi lesin uku a rana, ɗaya a Nassarawo, ɗaya a Karewa, ɗaya a cikin Yola, yana tsere a Keke Napep. Ya shigo a gajiye, ya ba da aikin gida, ba zai taɓa dubawa ba.

Na huɗu, wanda muke kira “malam iya-duka”. Shi ne Lissafi da safe, Fiziks da hantsi, Bayoloji kafin azahar, in malamin Turanci bai zo ba ya riƙe. Kwamiti na son irinsa don yana rage kashe kuɗi. Ko a karatunmu na zaure ba a yin haka. Wanda ya ƙware a nahawu daban, mai fiƙihu daban, mai tajwidi daban, kuma almajiri kan tashi daga wannan zaure ya tafi wancan. Mun san wannan a ilimin addini, me ya sa muke mantawa in an zo boko?

Maganar “a taimaka don Allah”

Wannan kalma ita ce ta fi cutar da shirin nan, kuma mu masu hawa mumbari mu ne muka fi kowa haƙƙin faɗa. Aikin don Allah gaskiya ne, ladansa ba ya misaltuwa. Amma wanda zai yi shi ne ke zaɓa da kansa, ba a ɗora wa talaka. A karɓi kuɗin fom a hannun iyaye, a kashe a buga allon talla da rigunan kwamiti da lemon bikin rufewa, sannan a juyo wa malami a ce ya yi haƙuri ladansa na lahira, wannan ba tawakkali ba ne, cin gumin ma'aikaci ne. Addininmu ya yi tsanani ƙwarai a kan a yanka wa ma'aikaci ladansa tun kafin ya fara, a kuma biya shi ba jinkiri.

Kuma abin yana dawowa kan yara. Wanda ba ka biya ba, ba ka da bakin yi masa faɗa in ya makara. Ranar da aka yi ruwa ba zai zo ba, ranar da ya samu wani ɗan aiki mai kuɗi ba zai zo ba, kai kuma sai dai ka ce Allah ya kawo shi lafiya. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne, alawus ɗin masu hidimar ƙasa ya koma 77,000 a 2025. Kowa ya san kuɗin abin hawa tun da aka cire tallafin mai a 2023. Mutum ya taso daga Girei ya hayo gada ya zo ya koyar, a sallame shi da abin da bai kai kuɗin motarsa ba? Araha ba ta ado, in ji masu magana.

Ina malamai mata?

'Yan mata na cika ajujuwan nan a makon farko, kafin mako na uku sai ka ga sun ragu. In ka bincika, iyaye ne suka janye su, don ba mace ko ɗaya cikin malamai, kuma wasu daga cikin masu koyarwar samari ne da suka girmi yaran da shekara biyu ko uku. Uba ya ji malami na karɓar lambar wayar 'yarsa, me kake so ya yi? Ba mu ce kowa haka yake ba, amma rigakafi ya fi magani.

Kuma ba rashin mata masu ilimi ba ne. Unguwar nan cike take da matan aure masu NCE da digiri, wasu suna koyarwa, wasu suna zaune a gida. Ba a neme su ba ne kawai, don ɗaukar malaman a ƙofar masallaci ake yin ta, inda ba sa nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, da ta so ilimi ya kai ga matan karkara, ba ta tura duk wadda ta samu ba. Ta zaɓi mata dattijai amintattu, ta karantar da su, ta naɗa su jaji, sannan ta tura su. Wannan tsarin 'Yan Taru ke nan, kuma ta rasu tun 1864. Abin kunya ne a ce ta riga mu gane cewa zaɓen malami da horar da shi shi ne rabin aikin.

Abin da ba wanda aka ɗauka ya koyar

Akwai ilimin da ba ya cikin littafin Fiziks, amma yana kayar da yara kowace shekara. Yaro na son likitanci, dole ya haɗa Turanci da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji. Mai son injiniya, Lissafi ne zai maye gurbin Bayoloji. Mai son aikin lauya, sai da Adabin Turanci. In aka yi kuskuren haɗi, ko ya ci maki nawa ba gurbi. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma in sunan da ke kanta ko ranar haihuwa ta saɓa da ta takardar WAEC, wahala ta samu. Mu da ake rubuta Muhammadu nan, Mohammed can, Mamman a wata takardar, mun fi kowa faɗawa wannan rami. Akwai littafin labari da JAMB ke sanyawa a karanta don jarrabawar Turanci, yana kuma canzawa: a 2025 The Lekki Headmaster ne ya maye gurbin The Life Changer. Malamin da ya zo da tsohon littafi ya ɓata wa yara lokaci.

Sai kwamfuta. Yaro ya yi mako shida yana lesin ɗin shirin jarrabawar kwamfuta, bai taɓa ɗora yatsa a kanta ba. Ranar jarrabawa hannunsa na rawa, agogo na tafiya a kan gilashi, daƙiƙa arba'in-arba'in na zubewa. Alhali maɓallan da ake bukata ba su da yawa, zama uku ko huɗu ya isa ya saba. Ba wanda aka ɗauka don wannan, don ba wanda ya zauna ya rubuta me ake bukata kafin a nemi mutane.

Mafi muni

Idan malami bai iya ba, kuma yana son a ce yaransa sun ci, hanya ɗaya ta rage masa. Sai a fara raɗa wa yara cewa kada su damu, akwai santar da ake “taimako”, a tanadi kuɗi kawai. Wasu iyayen ma da hannunsu suke biya. Mu kira abin da sunansa: ha'inci ne, daidai yake da tauye mudu da algus a kasuwa. Yaron da ya shiga jami'a da sakamakon sata, ko dai a kore shi a shekarar farko bayan uba ya sayar da kadara, ko ya lallaɓa ya fito ya zama ma'aikacin jinyar da zai yi wa mahaifiyar wani allura. Duk malamin da aka ji wannan magana a bakinsa, ranar ya kamata ya bar wurin, ko ɗan wanene.

Abin da za a ce mana

Za a ce ai ko ba komai ya fi zaman banza. In raino muke so, to a kira shi raino, kada a karɓi kuɗin mutane da sunan shirin shiga jami'a. Kuma karatun kuskure ya fi rashin karatu illa, don sai an kankare shi kafin a zuba na daidai.

Za a ce ba kuɗi. Mu yi lissafi irin na kasuwa, a matsayin misali. A ce yara 120, kowa naira 5,000, an tara 600,000. Malamai shida, kowa 70,000, ya kama 420,000. Saura 180,000 na alli da buga tambayoyin baya da hayar ɗakin kwamfuta. Marayu da waɗanda iyayensu ba su da hali, 'yan kasuwa ashirin su ɗauki yaro bibbiyu, an rufe mutum arba'in. Abin da muke kashewa a ankon biki ɗaya ya fi haka. Kuɗin na nan, tsari ne babu.

Za a ce ina za a samo ƙwararrun? Wannan ma abin dariya ne a garin da ke da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, wadda aikinta ke nan horar da malamai, ga Jami'ar Modibbo Adama a tsallaken gada tun 1981, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, ga Jami'ar Amurka ta Najeriya a cikin Yola. Ga malaman da suka yi ritaya suna zaune a ƙofar gida da ilimin shekara talatin da biyar a kansu. Muna bakin kogi muna taimama.

Shawararmu

A fara neman malamai tun watan Mayu, ba ana gobe za a buɗe ba. A rubuta darussan da ake bukata, a sanar a masallatai da islamiyyun matan aure da makarantu. Kowa ya kawo takardarsa, wanda ke da rajistar hukumar malamai ta TRCN a fifita shi. A samu dattijai uku da suka yi aikin koyarwa, ɗaya mace, su zauna a tantance. Kowane mai nema ya amsa tambayoyin JAMB na shekarun baya a darasinsa, sannan ya koyar na minti goma sha biyar a gabansu. Ɗan kwamitin da ɗan'uwansa ke nema ya fita waje har a gama.

Malami ɗaya kada ya wuce darasi biyu masu dangantaka. A rubuta yarjejeniya: ga kwanaki, ga awoyi, ga lada, rabi a tsakiya rabi a ƙarshe. A ajiye rajistar zuwan malamai kamar yadda ake kiran sunan yara. A ɗauki mata aƙalla biyu. A ware mutum ɗaya da aikinsa shi ne haɗin darussa da NIN da kai yara ɗakin kwamfuta. Samarinmu masu jiran gurbi da ɗaliban jami'a da ke hutu kada a kore su: su zama mataimaka, su duba aikin gida, su zauna da yara biyar-biyar suna bita a ƙarƙashin babban malami, a ba su ɗan abin sabulu. Haka muke yi a islamiyya, babban ɗalibi na biya wa ƙanana, amma ba shi ke ba da sabon karatu ba. A tashi kafin azahar don kada a ci lokacin islamiyyar yamma.

Sannan a yi wa yara gwaji ranar farko, a sake irinsa ranar ƙarshe, a karanta wa iyaye sakamakon tare da bayanin kuɗin da ya shiga da wanda ya fita. Ɗan kasuwar da ba ya ƙirga kaya ƙarshen shekara bai san ko riba yake ci ko uwar kuɗi ba.

Ba mu rubuta wannan don tozarta kowa ba, shi ya sa ba mu kama suna ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Malamanmu sun karantar da mu cewa ɗora mutum a kan aikin da bai cancanta ba tozarta amana ne, kuma za a tambayi wanda ya ɗora kafin wanda aka ɗora. Muna roƙon mai unguwa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa su kira zama kafin watan Mayu, iyaye mata ma a ji ta bakinsu. Shafin mujallar nan kuma a buɗe yake ga duk ɗan kwamitin da ke da amsa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya sa mu fita haƙƙinsu.